Akushi Biyu a Gidanmu

Dakoro, daren Lahadi.

Yau an raba akushi a gidanmu. Tun rasuwar Baba, ni da ƙannena Sani da Ilu tare muke sa hannu. Da magariba Ilu ya ce a zuba masa tuwonsa daban.

Gobe sandikan su Sani, wato ƙungiyarsu ta ma'aikata, za su fara yajin aiki a wurin aikin hanyar Kornaka. Sandikan su Ilu sun yi wa kumandan mai mulkin gari alkawarin fita aiki. Sani ya kwana biyu yana gyaran kulki.

Ni kuwa, mushen lakkwal, malamin makaranta mai tarin littattafai, dabarata ɗaya: na ba su labarin siliman Indiya da na gani a Maraɗi. Wa da ƙane a masaƙa, kowa da ƙungiyarsa, mai masaƙa yana ta ƙiba. Har waƙar na ɗan rera, Allah ya yafe mini.

Ilu ya ce, "Yaya, wane ne mai gaskiya cikinsu?"

Sani ya ce, "Wanda bai lashi takalmin nasara ba."

Daga bayan zana Inna ta ce, "To, sun shirya?"

Na ce sun shirya. Ban gaya mata a ina ba. A kan gawar uwarsu suka rungumi juna, mutanen Maraɗi suna ta tafi.

Na ɓoye kulkin cikin rumbu, amma icce bai ƙare a Dakoro ba. Inna ta ƙi taɓa ko ɗaya cikin akusan. Ga tarinta nan ina ji ta bango.