Hannun Ƙofar Motar Gawa

Litinin, 6 ga Mayu, 1974

Hannun ƙofar motar gawa ya karye. Ba ni na karya ba. Bari in rubuta tun yanzu kafin unguwarmu Birketeri ta juya labari.

Mun kai kawun Alhaji Alim maƙabarta ana yayyafi. Da za mu dawo, Alhaji ya je buɗe wa liman ƙofar gefen fasinja. Motar soja ce, ƙasa ake danna hannunta, kowa ya sani. Shi kuwa ya fincike shi sama da hannu biyu kamar mai tuge rogo. Ƙarfe ya zo masa a hannu. Maimakon ya ce subhanallahi, sai ya ɗaga shi sama a gaban jama'a: "Ga aikin mutanen Najeriya nan, komai ɗaure-ɗaure!" Ya ƙara da Faransanci, wasu suka yi dariya.

Da ni yake, ni ɗan Najeriya da ke ci-rani a ƙasarsu. A bakin maƙabarta fa.

Tun da jama'a suka sayi kwaraɓaɓɓiyar nan a gwanjon soja ni ke tuƙa ta, ni ke kwanciya ƙarƙashinta, don Allah kawai. Kuma kakansa daga ina ya zo da jakin goro? Daga Faransa?

Talata, 7 ga Mayu

Na duba. Ba hannun kaɗai ba ne. Sandar da ke ratsa ƙofa ta tsinke, guntun ya faɗa ciki ya maƙale harshen makulli. Yanzu ko ta ciki ba ta buɗuwa. Jiya ta wajen sitiyari liman ya shiga, giya ta kama masa rawani.

Na ce wa matata Hawwa ba zan taɓa ta ba sai Alhaji ya tsaya ƙofar masallaci ya janye maganarsa. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗe. Na san wannan to ɗin nata.

Alhamis, 9 ga Mayu

Alhaji bai zo ba. Ya wuce garejina a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, har da ɗaga hannu.

Jumma'a, 10 ga Mayu

Bayan masallaci na leƙa gidan Baba Abdussamad. Matarsa Inna Jaratu ba ta iya tashi yanzu. Ita ce ta riƙa ba ni kunu a shekarar da na sauka garin nan ban san kowa ba, ba na jin ko gaisuwar mutanen garin. Yau da ƙyar ta gane ni. Ta ce, "Ɗan Funtuwa, ka ci abinci?" Ita da ba ta iya haɗiyar ruwa.

Baba ya rako ni zaure yana jan ƙafar nan tasa da ba ta lanƙwasuwa. Ya ce ya ji ƙofar mota ta ƙi. Na ce haka ne. Sai ya ce, "Ni dai ba zan iya tsallake sitiyari ba. Baya kuma sai dai a jefa ni kamar buhu. Tasi ba ta hawa tudun nan da damina." Bai roƙe ni komai ba. Da ma ya roƙa, da na samu abin da zan yi wa faɗa.

In ta cika ƙofar nan tana rufe, a zaure zai zauna a binne matarsa ba shi.

Amma don me ni ne kullum mai haɗiyewa?

Lahadi, 12 ga Mayu

Na cire marfin ƙofar ta ciki. Don in gani ne kawai. Kusoshin duk sun yi tsatsa, biyu sai da na sare su da kurfi. Na zura hannu na lalubo guntun, kwano ya yanke ni a yatsa. Na zagi wanda ya ƙera motar, na zagi sojan da ya yi mata fenti a kan tsatsa.

Gaskiya dai ƙarfen ya ruɓe ta ciki, baƙi ƙirin. Ko ba a hannun Alhaji ba, da ya karye a hannun wani. Kuma ranar kawunsa ya binne. Duk na san wannan. Amma bakinsa ba tsatsa ce ta buɗe shi ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Na zaga masu kayan mota na kasuwar Mokolo har ƙafata ta gaji. Wani ya ce tun kafin 'yancin kai rabon da ya ga irinsa. Wani ya miƙo min hannun firij.

Na biya wajen Njidda, Bafillacen Garwa mai zuba tukwanen sanholo a bayan rafi. Ya juya karyayyen, ya ce, "Sobajo, abokina, wannan ai kunnen tukunya ne babba." Ya haɗa guntayen, ya danna cikin yashi ya ɗauki siffa, ya narka ya zuba. Ya fito fes, yana walƙiya, har da tambarin da ke jikin na asali. Na ce anya zai riƙe? Ya ce tukunyarsa ta taɓa fashewa a gidana? Ba ta taɓa ba.

Talata, 14 ga Mayu

Ya karye a dannawa ta farko. A hannuna! Allah ya so ba kowa sai Njidda.

Na ce, "Ni mota na kawo maka ko miyar kuka?" Ya ce motar ce ba ta da ladabi. Muka yi ta yi har masu wucewa suka tsaya. Shi da ya san tukunya zama take a murhu, ba mai murɗa ta. Ni kuma bakanike guda, na tsaya ina sha'awar walƙiya. Wawaye biyu.

Laraba, 15 ga Mayu

Hawwa ta dawo daga gidan Baba ta ce an juya Inna gabas.

Na ɗauki wani tsohon ƙarfen mota da ke jingine a gareji na koma wurin Njidda. Ya zauna ya kama zuga-zugi. Ni ke duka. Aikin yana wajen bakin sandar, dole ya fito kusurwa huɗu daidai ramin makulli. In ya yi kauri bai shiga, in ya rame ya yi ta juyawa a banza. Na goga, na ruga gareji na gwada, na dawo na goga. 'Yan makaranta suna ta maci a hanya suna shirin bikin ƙasa na ashirin ga wata, ganga kamar a cikin kaina.

Alhaji ya tsaya da mobilet ɗinsa yana kallo. Na ɗauka yanzu ne zai ba ni haƙuri. Sai ya ce, "Za ta yi kuwa?" Na ce ya tambayi mutanen Najeriya. Ya tayar da babur ya tafi.

La'asar sakaliya ƙofa ta buɗe. Hannun baƙi ne, mummuna, duk sawun guduma. Na rataya a jikinsa da nauyina bai ko motsa ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Inna Jaratu ta cika da hantsi. Allah ya jiƙan ta.

Jumma'a, 17 ga Mayu

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

An sa makara a baya, samari suka hau. Alhaji ne ya riƙo Baba har bakin mota. Ya kai hannu ga ƙofa, sai ya tsaya ya dube ni ta gilas. Na nuna masa ƙasa da yatsa. Ya danna a hankali kamar zai taɓa ƙwai. Sannan ya durƙusa cikin laka da farar shaddarsa, ya ba Baba gwiwa ya taka ya hau. Wannan kam ya yi, ba zan hana shi ba.

Haƙuri dai bai ba ni ba. Da na sauke su ya ce, "Sannu, Malam." Shi ke nan. Abin da ya faɗa a gaban jama'a yana nan inda ya faɗe shi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na je gaisuwar uku. Da mutane suka ragu Baba ya kama hannuna, wanda kwano ya yanka. Ya ce tuƙina ya yi masa, ban girgiza ta a ramukan tudu ba. Ya ce, "In tawa ta zo, kai za ka kai ni. Kada ka bar wa yaran nan, gudu suke yi."

Na ce Allah ya ƙara nisan kwana. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba.

Na ce to.

Ni da na yi wa Hawwa alkawari bana da rani za mu tattara mu koma gida Funtuwa. Tsohon nan kuma ƙafa ce kawai ta lalace, jiya tuwo malmala biyu ya ci.

Ban gaya mata ba tukuna. Birkin baya ma yana son dubawa.