Gyaɗa a Layin Makanikai

Corbin Mill, Carolina ta Kudu
Yuli, 1997

Yaya Verlie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Marvella da yaranta. Yaya ƙafar taki? Yaya kunnen? Na biyun na san amsarsa, don ranar Lahadi na yi ta ihu a waya har maƙwabta suka ji sirrin gidana kaf, ke ba ki ji ko ɗaya ba. Shi ya sa na koma takarda.

Kin tambayi mutuminki. Hoyt yana ci, yana barci, in kin ga jikinsa ba za ki ce ya kai saba'in ba. Kan ne ya tafi. Tun Kirsimetin bara bai kira sunana ba. Jiya na miƙa masa kofi, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Matar gidan ta fita ne?" Na ce masa ta fita. Kusan shekara hamsin ina wanke wa mutum safa, yau ni ce baƙuwa, kuma wai sai yanzu ya koyi cewa na gode. Na shiga kicin na yi kukana na fito.

Da yamma yakan fita ya yi ta zaga gidan, kullum ta hagu, har ya buɗe hanya a ciyawa. Wannan ba ya damuna. Amma ya fara zarcewa babban titi, kwanan nan wani direban tirela ne ya dawo mana da shi. Arlen ya zaunar da ni ya ce, "Mama, ba ki iyawa ke kaɗai. Gara in riƙa ziyartarsa a gidan tsofaffi da in je ɗauko shi a kan kwalta." Na zage shi tas, da na huce na sa hannu. Ɗana ne, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da na roƙa kawai a bari a yi Tseren Girbi tukuna, tseren motocin nan na kowace shekara.

Na wannan Satumbar shi ne na ƙarshe. An sayar da filin, rumbunan ajiyar kaya za a gina. Manyan tsere sun koma manyan birane inda talabijin take so. Na san za ki ce Allah ya raka taki gona, ke da kika ce maza ne suke zagaye wuri ɗaya kamar alfadarin injin matse rake. Amma kar ki musa, ke kika kai ni na farko a 1949, lokacin filin jar ƙasa ce da tsoho Corbin ya share a gonar audugarsa. Kin tuna? Samarin da suka saba tsere wa 'yan sanda da barasar sumoga a but ɗin mota, da motocin da suke zuwa coci da su, sai a ɗaure ƙofa da bel, a liƙe fitilu, shi ke nan an zama motar tsere. Wanda ya fasa tasa, a ƙafa zai koma gida shi da matarsa. Mun dawo jawur da ƙasa, Mama ta hana mu shiga sai da muka yi wanka a bakin rijiya. Ranar wani dogo mai manyan kunnuwa ya taka mini ƙafa bai ba ni haƙuri ba, na ƙare a gidansa.

Masu filin sun ce duk wanda ya taɓa cin tseren kuma yana raye, zai yi zagaye ɗaya a hankali da tsohuwar motarsa kafin a fara. Hoyt ya ci sau biyu. Yaya, ba kofi nake nema ba, ba tafi ba. So nake ya dube ni sau ɗaya ya san ni ce, kafin a kai shi. Na sa raina filin zai dawo mini da shi.

Ki gaida kowa. Ki sha maganinki.

Ƙanwarki,
Dovie

Agusta, 1997

Yaya Verlie,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, da wa'azin da ke ciki. Na ji, ba zan sa rai da yawa ba. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar.

Burl Haskins ya tayar da motar. Kin tuna shi, makanikin Hoyt, gajeren nan da ya taɓa cewa yana son ki kika ce warin mai yake yi. Har yau yana yi. Jar motar nan mai lamba 58 tana bayan rumbu tun da Hoyt ya ajiye tsere, kaji sun mai da ita gidan haya. Burl ya yi makonni a ƙarƙashinta yana zagin ta kamar mutum. Ranar Asabar ta tashi.

Hoyt yana kan kujera a baranda. Da injin ya yi gurnani sai ya miƙe tsaye, ya sauka matakala ba tare da ya kama ƙarfe ba, ya je ya ture Burl da kafaɗa. Ya ce, "Kai gajere, man ya yi mata yawa, kurma ne kai?" Burl ya ce, "To gwani, ga sukudireba, nuna mana." Ya karɓa, ya ɗan murɗa wani abu, ƙarar ta daidaita. Burl ya juya baya yana share ido da tsumman mai, ya ɓata fuskarsa duka.

Na matso kusa, na tsaya inda dole ya gan ni. Ya gan ni. Ya ce, "Baiwar Allah, ja baya kar ta ƙona ki." Ya san mota, ya san Burl, har ya tambayi ko an gyara ramin da ke kwana ta uku a filin tseren, ramin da aka cike tun zamanin da aka zuba kwalta. Na ji daɗi, kuma na ji haushi har cikin ƙashina. Ban ɓoye miki ba.

Likita ya yarda ya tuƙa zagayen, in dai Arlen yana gefensa da hannu kusa da makulli. Ya ce hannu yakan riƙe abin da kai ya saki.

Kin ce in ci dafaffiyar gyaɗa a madadinki tun da a Michigan ba su san ta ba. Kin sa ni dariya. Kin manta yadda nake gudowa kicin ɗinki in ci a ɓoye duk makon tsere? Tun shekarar da Lonzo Pruitt ya kife a kwana ta uku aka ce an tsinci ɓawon gyaɗa a motarsa, babu direban da ya yarda a kawo ta kusa da layin makanikai, inda ake jera motocin tsere ana gyara su. Rabin garin nan suna cin gyaɗa, a motar wa ba za a tsinci ɓawo ba? Na faɗa wa Hoyt haka sau ba adadi. Mutumin da bai ji tsoron bango ba yana gudu kamar zai tashi sama, sai ya ga ɓawo ɗaya a aljihun rigata ya ƙi cin abinci. Duk faɗan aurenmu mai ƙarfi a kan gyaɗa muka yi shi. Sauran mata suna kuka da barasa da 'yan mata, ni gyaɗa.

Arlen ya samo mini izinin shiga layin. A zamaninmu ba a barin mata, daga bayan waya muke leƙe. Zan shiga a karon farko ranar da za a rufe.

Ki yi mana addu'a.

Taki,
Dovie

Satumba, 1997

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya. Na fara wasiƙar nan na yaga, na sake farawa, ki yi haƙuri da rubutun.

Filin ya cika har kan tudu, mutanen da suka daina zuwa duk sun zo kallon gawa. An jera tsofaffin motocin a layin makanikai, tsofaffin direbobin kowa da tumbinsa da sandarsa suna tsokanar juna. Wani ya ce wa Hoyt, "Har yanzu ina bin ka ƙofar da ka ɓare mini." Hoyt bai san shi ba amma ya ce, "Da ka matsa." Aka yi ta dariya. Ya sa hular kwanonsa, ya ɗaure igiyar da kansa. Kyau ya yi mini, Yaya.

Ni kuma aka ba ni taya na zauna a kai, daf da motar. Ƙarar wurin ta fi yadda nake jin ta daga benci, har na toshe kunnuwana. Corinne matar Arlen ta lura. Yarinyar kirki ce, amma 'yar Ohio ce, ba ta san komai namu ba. Ta ce, "Mama, ga abin da kike so, na tsaya a bakin hanya na saya miki." Ta ɗora mini ƙunshin takarda mai ɗumi a cinya. Idona yana kan Hoyt. Lasifika tana karanto sunayen waɗanda suka ci tun daga na farko, da waɗanda suka mutu a filin. Ban san na buɗe ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba in hankalina ya tashi. Ina ɓarewa ina ci, ɓawon yana zuba a ƙasa kusa da tayar gaba.

Ya riga ya sa ƙafa ɗaya ta taga zai shiga, tun da ƙofar motar tsere ba ta buɗewa, sai ya dubi ƙasa. Ya bi ɓawon da ido har cinyata, har fuskata. Ya zare ƙafar. Ya ce, "Dovie. Dovie Mae. Gyaɗa? A nan? So kike ki kashe ni?"

Fuskarsa ta yi ja kamar da, jijiyar wuyan nan ta tashi. Ya ce shekara nawa yana faɗa mini, ya ce taurin kaina irin na gidanmu ne, har ke ya sako a ciki. Na tashi tsaye gyaɗar ta zube. Ina kuka ina cewa, "Ni ce, Hoyt, ni ce, ƙara faɗa." Ya ce, "Na san ke ce, wa zai yi wannan in ba ke ba?"

Ya cire hular ya ajiye a kan motar, ya ce ba zai shiga ba. Burl ya durƙusa yana tsince ɓawon da hannu yana cewa, "Gwani, ga shi na kwashe, ko ɗaya babu." Arlen ya roƙe shi. Mai ɗaga tutar fara tsere ya zo da kansa ya ce za a jira. Hoyt ya ce motar da gyaɗa ta taɓa ba ta fita ranar, kowa ya sani. Babu wanda ya yi masa gardama a cikin tsofaffin nan, duk sunkuyar da kai suka yi, don su ma da haka za su yi.

Sauran suka fita. Muka tsaya muna kallon su suna zagayawa a hankali, jama'a a tsaye, an bar gurbin mota ɗaya a tsakiyar jerin. Lasifika ta kira sunansa, aka yi tafi, shi yana tsaye ya harɗe hannu ya juya mini baya. Kafin su gama zagayen na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, ina ne nan?"

Ban ga tseren ba, ban san wa ya ci ba. Corinne ta yi kuka har gida, na ce mata ba laifinta. Burl bai yi mini magana ba har yanzu. Wata biyu ya yi a ƙarƙashin motar nan, kuma ni na hana mijina zagayensa na ƙarshe a filin da ya ba rayuwarsa. Ina jin kunyar hakan. Amma da za a mayar da ni kan tayar nan, ban san ko zan rufe ƙunshin ba. Ke kaɗai zan iya faɗa wa wannan.

An kai shi gidan tsofaffin ranar Laraba. Ɗakin yana da tsabta, tagar tana kallon wurin ajiye motoci.

Dovie

Oktoba, 1997

Yaya Verlie,

Ina gaishe ki, ina gaida Marvella. Na gode da rigar sanyin, ta yi mini daidai. Yaya ƙafa da wannan sanyin naku?

Sun fara rushe bencinan filin tseren. Burl ya samo guntun bangon kwana ta uku ya ajiye mini a baranda, bai ƙwanƙwasa ba. Ina ganin mun shirya ke nan.

Ina zuwa wurin Hoyt kullum. Yana zaga farfajiyarsu ta hagu, ma'aikatan sun saba, har suna kauce masa. Ranar Lahadi bayan coci na tsaya a bakin hanya na sayi gyaɗa, da gangan wannan karon. Na sa rigata mai kyau. Na zauna a bakin gadonsa na buɗe ƙunshin, na ɓare, na bar ɓawon yana zuba a kan takalminsa. Na shirya wa faɗa, Yaya.

Ya daɗe yana kallon ɓawon. Sannan ya dube ni, ya yi murmushi, ya miƙo hannu ya ce, "Baiwar Allah, a ɗan sam mini mana."

Na zuba masa. Muka zauna muka cinye ta tare. Ya ce da daɗi.

Ki kula da kanki. In kin samu hali ki zo kafin Kirsimeti, gidan ya yi mini girma.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Dovie