Tabarmar Malama Bilki

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan Agege lafiya lau.

Bilki, sabuwar malamar makarantarmu, ta hana ni sukuni. Kwandunan tumatir ta samo a kasuwar Mile 12, ta zuba littattafai, ta shimfiɗa tabarma, kowane yaro ya ɗauka ya karanta da kansa. Ni kuwa shekara bakwai ina kulle nawa a kabad kada su yage. Jiya lokacin tara na tarar da ajina wayam, duk suna kan tabarmarta, har da 'yata Ummi!

Ki sa ni a addu'a, abin yana cina. Ki gaida kowa. In kin samu mai tahowa, ki aiko min tabarma, wadda ta fi tata girma.

Ƙanwarki,
Rabi