Masu Tonon Ruwa a Mayo Gwoi

Majidaɗi, Jalingo
9 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Nasiruddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mahbuba da yara. Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita ma mun saba da juna.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sau huɗu ina kiran wayarka, kullum wani ne yake ɗauka ya ce mini Honarabul yana mitin. Na ce to, ni da na shekara talatin da biyu ina koya wa yara rubutu, bari in koma wa abin da na iya. Na ba Matiyu direbanka, na ce ya sa a hannunka, ba a kan tebur ba.

Na ji ka a rediyo kana bayanin ƙudurin da ka kai Majalisar Dokoki, na hana tonon yashi a Mayo Gwoi. Na ji daɗi ƙwarai, don kowa ya san tifofi ne suka cinye gaɓar kogin, damina ta zo ta tarar da gidajen mutane a bakin rami. Amma shekaranjiya Lydia ta zo wurina. Ita ce take share mana makaranta a da, yanzu a bakin kogin take zaune. 'Yarta Cynthia ta samo ƙudurin ta karanta mata. Sashe na huɗu ya ce duk wanda aka kama yana tona a cikin kogin, da inji ko da hannu, za a ci shi tara ko a ɗaure shi wata uku.

Ɗana, ka san me matan unguwar nan suke sha daga Fabrairu har faɗuwar ruwan farko? Rijiyoyi ƙafewa suke, famfo kuwa sai labari. Idan kogin ya bushe, cikinsa suke shiga su tona yashi da ƙwarya har ruwa ya taso, su zauna ya kwanta, su ɗiba. Nan da wata guda za su fara. Kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya yi maka jagora.
Goggonka,
Aisatu

*

Ofishin Ɗan Majalisa, Jalingo
15 ga Janairu

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ki gafarce ni game da waya, na ja kunnen wanda yake ɗauka.

Maganarki ta shige ni. Amma bari in faɗa miki abin da ba na faɗa a rediyo. Wata takwas na yi ina jan ƙudurin nan kafin ya tsallake karatu na biyu, yanzu yana gaban kwamiti. Masu tifofi suna da abokai a cikin zauren, kuma jira suke in taɓa shi. Ranar da na ce a cire masu tona da hannu, a ranar za su tashi su ce yaran da suke cika musu tifa ma da hannu suke tona, da shebur. Shi ke nan doka ta zama fanko. Da gangan muka rubuta sashen haka, don mu toshe wannan ƙofar.

Na yi magana da shugaban hukumar da za ta aiwatar da dokar, ya ba ni tabbacin ba wanda zai taɓa mace mai ɗiban ruwa. Sannan ina bin maganar rijiyar burtsatse a unguwar. Ki ba Lydia haƙuri, ki ce ta kwantar da hankalinta.

Ɗanki mai biyayya,
Nasiruddeen

*

Majidaɗi
18 ga Janairu

Nasiru,

Ina amsa gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu, ta biyun ma ba ta fi ta farko daɗi ba.

Wato shugaban hukuma ya ba ka tabbaci. Shi ne zai tsaya a bakin kogi da kulki? Gobe a sauya shi, jibi kai ma wa'adinka ya cika, takardar kuwa tana nan daram. Ka rubuta cewa mutum mai laifi ne, sannan ka ce masa ya kwantar da hankali. Raina ya ɓaci, ban ɓoye maka ba.

Ban ba Lydia haƙurin ba, ba ni da bakin ba ta. Karanta mata na yi. Sai ta sa Cynthia ta rubuta abin da za ka gani a ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Goggonka

Ranka ya daɗe Honarabul,

Ina gaishe ka cikin sunan Allah. Ni ce Lydia na bakin Mayo Gwoi. Ban yi makaranta ba, ka yi haƙuri da magana na.

Kada ka ɗauka ba na son dokar ka. Damina da ya wuce kogi ya cinye ɗaki biyu a gida na, har da wanda miji na ya gina kafin ya rasu. Idan tifa bai daina ba, bana sauran gidan zai bi. Ina roƙon ka, kada ka janye.

Amma ka ce ba ka iya raba mu da masu shebur. Ranka ya daɗe, raba mu ba wuya. Mu ba ma ɗaukan yashi, ko cikin mudu ɗaya. Kowane mace da ramin ta, in ta tafi ta kifa ƙwarya a baki, wani ba ya taɓawa. In ruwan ramin ya fara lalacewa, sai ta mayar da yashin ta rufe kafin ta tona sabo. Haka iyayen mu suka koya mana, saboda shanu masu wucewa kada su karye ƙafa, da yara. Wanda ta bar rami a buɗe, sauran mata ba za su bar ta ta tona kusa da su ba. Mu muna tafiya gida da ruwa, su suna tafiya da ƙasan kogi.

Ni dai ba na so a tsufa na jika na ya ga an kama ni don na ɗebo mashi ruwa.

Allah ya ƙara girma.
Lydia

*

Jalingo
5 ga Fabrairu

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da sauƙi. Na san shiruna ya yi yawa. Kunya ce ta riƙe ni, sai kuma aiki.

Lauyoyi biyu ne suka taya ni rubuta sashen nan, muka yi mako uku muna juya shi, ba wanda ya yi tunanin ya taka ya tambayi masu ramin. Ni da aka haifa a garin nan, na sha wucewa ta gada ina hango su, ban taɓa sanin suna mayar da yashi ba.

Ranar Talata na roƙi kwamiti, maimakon a kira mutane zauren jin ra'ayin jama'a, mu mu je wurinsu. Uku suka yarda suka bi ni. Muka sauka cikin kogin da manyan riguna da takalma sau ciki, mata suna ta ƙunshe dariya. Lydia ta nuna mana inda aka tona bara, ramuka sun fi arba'in a cewarta, amma ko shaidar ɗaya ba mu gani ba. Sannan ta ja mu gaba kaɗan, wurin da tifofi suke lodi. Goggo, ramin zai haɗiye gidanki har da bishiyar mangwaron. Honarabul Solomon, wanda ya fi kowa gardama a kwamitin, ya daɗe tsaye yana kallon ramin. A mota ya ce mini mahaifiyarsa ma haka take tonon ruwa a ƙauyensu wajen Lau, ya manta ne kawai.

Mun sake sashen. Laifi yanzu shi ne fitar da yashi daga cikin kogin, da tifa ne, da amalanke ne, ko a buhu. Mai tona don ruwa ba ruwan doka da ita, muddin ta rufe raminta. Wato al'adarsu muka ɗauka muka sa mata lamba.

Ba zan ce miki an gama ba. Tun da na buɗe ƙudurin, masu tifofi sun sami bakin magana, kuma ranar Laraba za a kaɗa ƙuri'a a zaure. Na ƙirga waɗanda suke tare da ni, ban san ko sun isa ba. Idan ya faɗi, na jawo wa Lydia asarar sauran gidanta da hannuna, kuma wannan yana hana ni sukuni. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Nasiru

*

Majidaɗi
20 ga Fabrairu

Ɗana,

Ina gaishe ka da gajiya. Na ji a rediyo cewa da ƙuri'a biyu ƙudurin ya wuce. Biyun ma Allah ya sa albarka. An ce saura gwamna ya sa hannu, sai ka tsaya a kai, kada ka ce ka gama.

Jiya da hantsi na hau keke Napep na je Mayo Gwoi, gwiwa tana ƙorafi ina ba ta haƙuri. Tifa ɗaya na gani, ita ma juyawa ta yi ba lodi, don labari ya riga doka isowa. Lydia ta shimfiɗa mini zani na zauna. Ta durƙusa ta tona har hannunta ya nutse zuwa kafaɗa, muka zuba ido, ruwa ya dinga tasowa a hankali. Da ya kwanta ta ɗiba ta miƙa wa jikanta, ya sha ya ƙoshi, ba ta waiga ta ga ko wani yana zuwa ba. Ni kuwa sai ga hawaye, na ce mata rana ce.

Ta ce in ce maka useko, wato ta gode, Allah ya saka. Ta kuma ce ruwan rami yana kashe ƙishi, amma ba shi ya kamata jikanta ya girma yana sha ba. Saboda haka maganar rijiyar burtsatse tana nan, kuma ina da sauran takarda da biro.

Allah ya yi maka albarka.
Goggonka,
Aisatu