Ku Miƙa Wa Wancan

Gidan Marke, Bagwai
Watan Rajab

Zuwa ga Yayata Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar nan, ya lafa? Mu nan alhamdu lillahi. Malam maigidana kullum yana fadamar Watari wajen tumatir, sai magariba muke ganinsa, Inna uwarsa kuma tana nan da ƙarfinta da faɗanta.

Kin yi ƙorafi ba na kiranki. Wayar gidan nan a tsakar gida ake amsa ta, kowa ya kasa kunne, har awaki. Abin da ke raina kuwa ba na tsakar gida ba ne. Shi ya sa na yago takarda, zan ba Nababa direba ya ajiye miki idan ya kai kaya Zariya.

Maganar yaron nan ce, ɗan farina. Kin san shi. Ya shiga shekara bakwai, ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi. Wuninsa jera totuwar masara a gindin katanga, in kaza ta goce masa ɗaya sai gidan ya rikice. An yi rubutu, an yi hayaƙi, har likita a Kano ya ce mu daina wahalar da shi, ba aljanu ba ne, halittarsa ce, otizim ake ce mata. Maganarsa duk aro ce. Abin da ya ji shi yake maimaitawa, da muryar mai shi sak, har sanarwar rediyo.

To, Khairiyya ƙanwar Malam ta gama karatunta na koyar da irin yaran nan, an turo ta firamarenmu, tana zaune a ɗakin Inna. Tun ranar da ta dawo take durƙusawa a gabansa, ta kira sunansa gatsau, ta ƙara da "nawa". Tana zama tana jera totuwa tare da shi, ƙatuwar budurwa da ita. Na ɗauka shirme ne. Sai ga shi makon jiya tana shigowa daga makaranta ya ajiye totuwarsa, ya faɗi sunan nasa da "nawa" ɗin, da muryarta, ya je ya tsaya a jikinta. Ta ce wai sunan da ya sa mata ke nan, kiranta yake. Inna ta yi guɗa, Malam ya yi ta hamdala, ni kuma na soya waina na raba sadaka.

Na yi murna, wallahi na yi. Amma da na shiga ɗaki sai na ji ƙirjina yana zafi kamar na haɗiyi garwashi. Yaya, kishi nake. Ke kaɗai zan iya faɗa wa. Ni na san kukansa na yunwa da na zafi da na ƙara. Ni nake jin an tayar da injin niƙa tun kafin kowa ya ji, in aika a shigar da shi ɗaki. Ni na gano ba ya cin tuwo sai gaya, in miya ta taɓa gefen kwano ya bar shi ke nan. Ba a littafi na karanta ba. Amma in ya zo kusa da ni, kin san me yake cewa? "Ku miƙa wa wancan." Abin da nake faɗa ke nan in na zuba masa abinci ina neman wanda zai ba shi. Ita ta sami kira mai daɗi cikin 'yan watanni, ni kuwa na zama tukunya, sai yunwa ta kama shi yake tunawa da ni.

Kada ki gaya wa kowa. Ki gaishe da yara, ki ce wa Ramlat ban manta da kukar da na yi mata alkawari ba.

Ƙanwarki,
Sakinatu

Gidan Marke, Bagwai
Cikin Azumi

Yayata Asama'u,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana. Ina gaida maigidan da yara. Saƙonki ya iso, kuma na ji faɗan. Kin ce in gode wa Allah da ya kawo wa yaro mai fahimtarsa, in daina haɗa kaina da yarinya. Gaskiyarki ne. Na karanta na ce to, na fita na gan su zaune a tabarma ɗaya, sai faɗan naki ya bi iska.

Har abin kunya na yi. Rannan na cika wa miyarta barkono da gangan. Ta cinye tana hawaye tana cewa Anti miyar nan ta yi daɗi. Ni abin ya ƙona, ba ita ba. Da za ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya da na ji sanyi, amma yarinyar nan ba ta ba mutum ƙofar da zai tsane ta.

Yanzu ga babbar magana. An sa bikinta bayan ƙaramar Sallah, Tofa za a kai ta, gidan wani malami, Yahya. A makarantar da za ta koma an ware aji na yara irinsa, 'yan kaɗan, babu hayaniya. Ta roƙi Malam ya ba ta riƙon yaron, ta tafi da shi. Inna ta ce dama ɗan fari ba na uwa ba ne, ita ma nata a hannun yayarta ya girma. Malam ya ce ai ci gaban yaro ne. A nan firamarenmu ya taɓa zuwa, yara suka yi ta tsokanarsa suna sa shi maimaita ashar, tun daga nan bai koma ba. Duk na san wannan. Da suka juyo gare ni sai na sunkuyar da kai na ce ai naku ne, Allah ya sa albarka. Me zan ce? In na buɗe baki a kan ɗan fari, gobe a rijiya za a ce Sakinatu ba ta da kunya, ta tsaya tana jayayya da dangin miji a kan ɗa.

Bayan nan ta biyo ni ɗaki ina yankan kuɓewa. Ta zauna tana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce ita ba ƙwace take son yi mini ba. Wai yaron yana adana abin da aka faɗa masa ne ya mayar wa mai shi, don haka in daure in riƙa kiran sunansa, in yi magana da shi kansa, in daina aikawa ta bakin wasu. Yarinyar da nake yi wa kitso tana kuka, yau ita ke koya mini uwantaka. Na ce mata mu ba haka aka tashe mu ba. Na ce Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan 'yarta ta fari ba, kuma ga ki nan kin girma lafiya lau, ba abin da ya same ki. Ta ba ni haƙuri ta fita.

Amma ban ɓoye miki ba, na gwada. Na je kai wa ma'aikatan Malam ruwa, a hanyar dawowa ba kowa sai kwatar ruwa da gonar albasa. Na tsaya na buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, na ji kamar in na faɗa zanina zai faɗi a kasuwa. Ko a takardar nan kin ga na kasa rubuta shi.

Ina ɗinka masa riguna biyu na tafiya, marasa wuya, don ba ya son abin da zai shaƙe shi. Ina ɗinki ina jin su a waje, tana koya masa nuna hoton moɗa in yana son ruwa. Kowace allura na soka sai na ce a raina, ita za ta sa masa su.

Ki sa ni a addu'a a goman ƙarshe.

Taki,
Sakinatu

Gidan Marke, Bagwai
Ƙarshen Shawwal

Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ko da ya makara. Ina fata kun yi Sallah lafiya, ƙafa kuma ta bar ki kin yi yawon gaisuwa. An ji daɗin turamen da kika aiko wa amarya, ana godiya.

Takardarki ta hana ni sukuni. Na ce ba abin da ya same ki, ashe ni ce ban sani ba. Ban taɓa sanin kina ɓuya a bayan rumbu da gangan ba, kina jira ko Innarmu za ta kira ki, sai ki ji ta ce wa wani, je ka nemo mini waccan. Kin ce kin san tana sonki, amma har yau da jikanki kina so ki san yadda sunanki zai fito a bakinta. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin filo, ban canza komai ba. Har ranar kai amarya.

Bayan la'asar aka jera motoci a ƙofar gida. Ni na tuƙa masa tuwo da wuri, na sa aka miƙa masa, ya ci ya ƙoshi. Na ɗaure masa rigunansa da totuwarsa a buhu na bayar, na shige ɗaki na saki labule, kamar yadda ya kamata uwar ɗan fari ta yi. Aka sa shi a motar amarya. Ga guɗa, ga lasifika, ga yara suna dukan mota. Ina daga ɗaki na ji ihunsa, na san ya toshe kunnuwa yana buga bayansa a kujera. Khairiyya kuwa tana lulluɓe, gwaggonni sun riƙe ta hagu da dama. Amarya ba ta magana ranar, kin sani. Ita ma kunyar ta ɗaure ta.

Sai na ji ya fara faɗa, yana ƙarawa, da muryata: ku miƙa wa wancan, ku miƙa wa wancan. Mata suka ce yunwa ce. Wannan ta tura masa alkaki, waccan shinkafa, yana watsarwa yana ƙara ɗaga murya. Na ce a raina, wace yunwa, yaron da ya cinye kwano guda yanzu? In abin da Khairiyya take ce masa shi ne sunan da ya sa mata, to ni fa? Me na taɓa faɗa a kansa da ya wuce wannan? Duk shekarun nan in ya zo ya tsaya a gefena ya faɗa, sai in zuba tuwo in ba wani ya kai masa. Ashe ni yake kira, ni kuma ina aika masa kwano.

Ban san lokacin da na fita ba, ko mayafi babu. Na ratsa mata, na ce wa mai lasifika ya kashe, na buɗe ƙofar motar na durƙusa a ƙasa. A gaban Inna da ƙannen Malam da dangin ango, na ce, Abdussalam, ga ni.

Ga shi na rubuta. Abdussalam.

Muryata rawa take kamar ta mai zazzaɓi. Na ji wata ta ja salati, wata ta ce yau ga zamani. Bai kalle ni ba, shi ba ya kallo, kuma ban nema ba. Ya daina ihun, ya sauke hannu ɗaya daga kunnensa, ya kama bakin zanina ya murɗa a yatsa. Na ce yau ba inda za shi cikin wannan hayaniya. Ta ƙarƙashin lulluɓi na ji hannun Khairiyya ya matse nawa. Muka koma ciki yana riƙe da ni, motoci suka tafi.

Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau, a rijiya kuma an sami abin taunawa. Malam kuwa da ya zo fita sai ya tsaya ya daɗe yana kallonmu. Da na same shi na faɗa masa ra'ayina da bakina, karo na farko. Ajin nan haƙƙin yaro ne, ba zan tare masa ba saboda zafin zuciyata. Amma ba kyauta na bayar ba. Zai yi kwanakin makaranta a Tofa, ranar Juma'a a dawo mini da shi. Ni da kaina na kai shi, na zauna na jera wa Khairiyya komai, gayan tuwo da injin niƙa da wuyan riga, tana rubutawa. Wannan karon ita ce ɗalibar, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya dace.

Kada ki ɗauka na warke. Ran Lahadi in na mayar da shi, yana hango ta sai ya saki zanina ya nufe ta, in ji abin nan ya taso mini. Ina jin da shi zan tsufa.

Juma'ar da ta wuce Malam ya kawo shi a babur. Ina tsakar gida ina tankaɗe, mata cike da gidan. Ya shigo bai kalli kowa ba, ya wuce totuwarsa, ya zo ya tsaya a gefena yana kallon rariya. Na miƙa hannu zan ɗauko kwano, sabo. Sai ya ce, Abdussalam, ga ni. Da muryata ya faɗa, Yaya, har da rawar da ta yi ranar. Na bar kwanon na amsa.

Ki gaishe da kowa. In kin zo da Babbar Sallah za ki ji da kunnenki.

Ƙanwarki,
Sakinatu, uwar Abdussalam