Kada Saifuddeen Ya Sayar da Saniyar

Yaya Hadizatu,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara, da mutanen Rufa'a baki ɗaya? Ina fata ruwa ya dawo tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinku. Ni lafiya lau nake, alhamdulillahi.

Saƙonki ya iso, cewa ɗanki Saifuddeen zai sayar da saniyarsa ya biyo ni in sama masa aiki. Yaya, ki hana shi.

Gidan abincin da nake dafa wake a cikinsa, magina ne ke cika shi. To, hukuma ta rage kashe kuɗi, aka dakatar da ginin da ke gabanmu, leburori suka watse. Bankuna kuma suka ƙara kuɗin ruwa, mai ɗan hali ya gwammace ya ajiye kuɗinsa, ɗan gurush ɗin da yake da shi, da ya fito ya ci abinci. Mai burodi ya rage gashi, mai shayi ya rufe. Ranar Laraba maigidana ya dafa kafaɗata ya ce, "Uzairu, tukunya ɗaya ta ishe mu yanzu, kuma ɗana zai iya da ita."

Hoton da na aiko muku da farar riga, rigar aro ce. A masallaci nake cin abincin rana, ina sunkuyar da kai kada wani ɗan garinmu ya gane ni.

Kada Inna ta ji tukuna. Allah ya yi wa Saifuddeen albarka. Ki tambayar mini shi, cikin sirri, ko hawasharsa, gonar nan da yake nomawa, na buƙatar ƙarin hannu lokacin yankan dawa.

Ƙaninki,
Uzairu