Ni na sa shi ya kori mahaifinsa daga ofishina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mai zagina ma ya zaga, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni dattijo ne, na yi ritaya, ina zaune a Galtimari. A ƙarshen shekarun 1980 ni ne mai ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin rarraba kaya a nan Maiduguri, kuma a lokacin gani nake duk garin ba wanda ya kai ni wayewa. Abin da na fi tsana shi ne yaro ya zo intabiyu ubansa na biye da shi. Mutanenmu kuwa haka suka saba, a Kasuwar Litinin yaro ba ya zuwa da kansa ya ce a ɗauke shi aiki, ubansa ne zai kai shi wurin maigida, ya ce ga amana, a shafa fatiha. Ni kuma ƙauyanci na ɗauki wannan.

Wata rana muna intabiyun akawun sito, mu uku, ga zafi, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Sai ga wani saurayi, Bukar, da takardunsa a leda, tare da mahaifinsa, wani tsoho mai sayar da yadi daga Shehuri, ya sha babbar riga sai ƙamshin turare yake. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi mana wushe wushe, gaisuwar Kanuri, ya ajiye ƙullin goro a kan teburina, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗana na kawo maka. Ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke. In ya yi laifi ka hukunta shi, ba sai ka tambaye ni ba."

Ko kallonsa ban yi ba. Na ce wa Bukar mu namiji muke nema, ba ɗan goye ba, in yana son aikin ya ce wa tsohon nan ya kwashe goronsa ya fita, kuma da Hausa, ba da Kanuri ba, don kowa ya ji. Yaron ya yi ta zufa, yana kallon ƙasa. Na ce akwai mutane a layi. Can ya ce, "Aba, ɗauki goronka ka fita." Na ce ban ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. Tsohon ya ɗauki goronsa, ya fita da takalmansa a hannu. Ni kuma na rufe fayil ɗin, na ce wa Bukar wanda ya kori ubansa saboda albashi, gobe siton zai sayar, ya tashi ya bi bayan tsohon. Abokan aikina har da riƙe ciki don dariya. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a majalisa, ana cewa kai Alhaji akwai basira.

Watan jiya bayan sallar Juma'a wani mutum mai furfura ya tare ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ne Bukar. Gyaran keken ɗinki yake yi yanzu. Ya ce mahaifinsa bai doke shi ba, bai zage shi ba, bai ma gaya wa kowa a gida ba. Kawai daga ranar bai sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba, shagon yadin ma ƙanin Bukar ya damƙa wa, bayan shekara biyu ya rasu a haka. Na jira zagi, bai zage ni ba. Ya ce tambaya ɗaya ce ke hana shi sukuni tun lokacin: da ya ƙi korar Aba, da mun ɗauke shi?

Na ce masa ƙwarai kuwa, ai gwaji ne, kai ne ka faɗi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Da ma na sani, Alhaji. Laifina ne." Har godiya ya yi mini.

Jama'a, ƙarya na yi masa. Babu wani gwaji. Tun kafin ranar manaja ya riga ya ba ɗan ƙanwarsa aikin, mu an ce ne mu zauna mu cika fayil. Da ya kori tsohon da bai kore shi ba, duk ɗaya ne. Na yi ne kawai don na gaji, ina neman abin dariya.

Na san inda shagonsa yake, sau biyu ina zuwa bakin layin in juyo. In na yi shiru, zai mutu yana ganin shi ya zaɓi abin da ya same shi. In na faɗa, zai san ya rasa mahaifinsa ne a banza, don wasu ƙarti uku su yi nishaɗi. Kuma ban ɓoye muku ba, ina tsoron 'ya'yana su ji. Ku da kuke da iyaye, wanne ne zai fi masa sauƙin ɗauka? In je, ko in bar shi da ƙaryata?